Amsar Kawu ga Auta a kan Yusuf Islam da jita

(Muryar da Kawu ya turo guruf ɗin gida daren jiya ce. Na rubuta ta saboda su Gwaggo sun ce ta ƙi buɗuwa a wayarsu.)

Assalamu alaikum. Jama'ar gida barkanku da dare. Auta, da kai nake. Na ga bidiyon da ka turo, dattijon nan mai farin gemu rungume da jita a gaban dubban Turawa, ka rubuta a ƙasa wai "ashe mai waƙar A is for Allah ya yi ridda?" Tun la'asar nake son in ba ka amsa, to yatsuna ba sa saurin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ka yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Eh, shi ne, Yusuf Islam ne. Bidiyon na bikin waƙoƙi na Glastonbury ne a Ingila, 2023, lokacin yana gab da cika shekara 75. Amma bai yi ridda ba. Ku yaran yanzu daga tsakiya kuka tsinci labarin mutumin nan, shi ya sa.

Sunansa na yanka Steven Georgiou, an haife shi a Landan a 1948. Ubansa mutumin tsibirin Kubrus ne, Bagirke, uwarsa 'yar Suwidin, suna da gidan abinci a tsakiyar gari, a saman shagon suke kwana. Uban ɗan cocin Girkawa, yaron kuma aka kai shi makarantar Katolika. Tun yana ƙarami kenan ya ga addini kala-kala. Yana ɗan shekara 18 ya yi suna da laƙabin Cat Stevens, kuɗi suka zo, shaye-shaye da raba dare suka biyo baya. Bai ankara ba tarin fuka ya kwantar da shi, har ya kusa tafiya. Ya yi watanni a gadon asibiti, ya shafe kusan shekara yana jinya. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a nan ya fara tambayar kansa, in na mutu yanzu ina za ni?

To nan ne wajen da nake so ka riƙe. Da ya tashi daga ciwon nan waƙarsa ta canza gaba ɗaya. Faifansa na 1970, Tea for the Tillerman, da na 1971, Teaser and the Firecat, su suka kai shi duniya, miliyoyi aka sayar. Amma in ka natsu ka saurara, mutum ne yake lalube a cikin duhu. Akwai wadda sunanta ma yake nufin "ina kan hanyar nema". Morning Has Broken da ta yi tashe, asalinta waƙar coci ce. Ya leƙa addinin Buddha, har ya sa wa faifai biyu suna daga can. Ya leƙa ilimin taurari, ya leƙa lissafin lambobi, irin abin da mu za mu ce hisabi. Duk ƙofar da ya gani sai ya ƙwanƙwasa.

Ni fa na san muryar nan tun muna samari, a rediyo, muna bin Wild World ba mu san me ake cewa ba. Shekaru da yawa bayan nan na sayi kaset ɗin A is for Allah na sa a mota, iyayenku mata suna baya suna rerawa, wallahi na daɗe ban san mutum ɗaya ba ne. Ranar da wani abokin aikina ya gaya mini, sai da na mayar da kaset ɗin baya na sake ji. Muryar ce dai, ta ɗan yi kauri, babu kiɗa.

Yawwa, sai batun teku. A tsakiyar shekarun 1970 yana iyo a Malibu, can Kalifoniya a Amurka, ruwa ya ja shi, ƙarfinsa ya ƙare, ba kowa kusa. Ya ce sai ya yi kira, ya Allah in ka cece ni zan yi maka aiki. Igiyar ruwa ta taso ta bayansa ta turo shi gaɓa. Ba a daɗe ba yayansa David, wanda ya je Ƙudus, ya kawo masa tsarabar fassarar Alƙur'ani. Ka lura, ba wani malami ne ya zaunar da shi ba, ba wa'azi ya ji ba. Shi kaɗai ya yi ta karantawa sama da shekara, yana yawon wasanni da littafin a jaka, bai ma san Musulmi sosai ba. Sai ran 23 ga Disamba 1977 ya taka zuwa babban masallacin Landan na Regent's Park ya yi kalmar shahada.

Sunan Yusuf kuwa, a 1978 ya ɗauka, kuma dalilin shi ya fi taɓa ni a duk labarin. Ya ce da ya zo kan Suratu Yusuf, wajen da aka sayar da yaro a kasuwa da 'yan dirhamomi ƙidayayyu, sai ya ga kansa. Mutumin da duniya ke yi wa tafi, shi kallon haja yake yi wa kansa, kamfanoni suna cinikinsa. Allah sarki.

Ya yi aure a 1979, ya yi gwanjon kayan kiɗansa aka ba da kuɗin sadaka, ya ɓace daga dandali. A 1983 ya buɗe makarantar Islamia a Landan, ya yi ta fafutuka har 1998 gwamnatin Birtaniya ta yarda ta riƙa ba ta kuɗi, tana cikin makarantun Musulmi na farko da suka samu haka. Waƙar A is for Allah ma don 'yarsa ta fari ya yi ta.

Ba zan ɓoye maka inda ya yi tuntuɓe ba. A 1989, da rikicin littafin Salman Rushdie ya tashi, ya yi wasu maganganu da aka ɗauka goyon bayan hukuncin kisa ne. Wasu gidajen rediyo a Amurka suka daina sa waƙoƙinsa. Ya yi ta cewa shi bai goyi bayan fatawar kashe Rushdie ba, bayanin abin da ya karanta ya yi, amma har yau tabon bai goge ba. A ganina sabon shiga ne aka miƙa wa makirfo a kan abin da ya fi ƙarfinsa, shi kuma bai ce ban sani ba. A 2004 kuma aka karkatar da jirgin da yake ciki zuwa jihar Maine, aka hana shi shiga Amurka, aka mayar da shi Landan. Jaridun Ingila biyu da suka jingina shi da ta'addanci sai da suka ba shi haƙuri suka biya diyya.

To jitar fa? Ɗansa ne ya shigo da ita gida, bayan shi ya yi sama da shekara ashirin bai taɓa ba. Ya ce wata rana gida shiru ya ɗauka, yatsunsa suka tuna inda suka saba zama. Ya koma ya yi bincike, ya ga maganar kayan kiɗa akwai saɓanin malamai a kai tun da can, ya bi ɓangaren masu halattawa da sharaɗi. A 2006 ya fitar da faifan waƙoƙi mai kiɗa, An Other Cup, daga baya har littafi ya rubuta don ya kare kansa, saboda Musulmi da yawa sun yi masa ca, kamar yadda Turawa suka yi masa ca lokacin da ya ajiye. Ka ga kowane ɓangare sai da ya zarge shi da gudu.

Ni kaina, in ka tambaye ni, na fi son Yusuf na kaset ɗin nan marar kiɗa, kuma malaman da na yi karatu a wajensu ba sa halatta jita. Kana iya cewa ya yi kuskure a mas'alar, ka kawo hujjarka, Malam ƙanin babanku yana cikin guruf ɗin nan, zai fi ni bayani. Amma mas'alar fiƙihu daban, fita daga addini daban. Mutumin bai janye shahadarsa ba, bai sauya sunansa na Musulunci ba, har ƙungiyar agajin marayu ya kafa.

Saboda haka Auta, bidiyon ka bar shi in kana so. Kalmar nan ta ridda ce nake so ka goge kafin a tura ta wani guruf ɗin da sunanka a kai. Ka gaida mamanka, ka ce maganin ƙafar nan ya yi mini aiki. Sai da safenku.