Kawu, a bar Injiniya ya yi aikin, amma a yanka masa wa'adi

Assalamu alaikum Kawu. Da fatan an wuni lafiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Saƙonka ya iso. Na fahimci abu biyu ke cin ranka: me ya sa mu Hausawan Legas ba ma tayar da hankali idan yaro ya gama karatu a Turai ya ce zai tsaya aiki kafin ya dawo, sannan ko mu ne muka hure wa ɗanka Injiniya da ke Ingila kunne har yake cewa in ya dawo ma Legas zai sauka. Na biyun dai ka yafe mana. Taubashina ne, ka san ko ruwa na ce ya sha sai ya yi gardama, balle in tsara masa rayuwa.

Ka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba mutanen da za a koya wa wannan karatu kamar mu. Yawancin tsofaffin gidajen Zangon Agege goro ne ya kawo kakanninsu, musamman bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912. Na Obalende asalinsu soja ne tun zamanin Turawa. Na Mile 12 gwari, na Oko-Oba shanu. Kusan kowannensu da niyyar komawa ya zo, in jari ya haɗu, in an aurar da 'yar fari, in an sauke farali. Da yawansu suna nan kwance a maƙabartarmu ta Agege, jikokinsu na jin Yarbanci fiye da wasu Yarbawan. Saboda haka idan yaro ya ce mana shekara biyu kawai zai yi, ba ma ƙaryata shi, ba ma kuma sakankancewa. Tambayarsa muke yi: aikin me, a wane kamfani, kuma yaushe ne ranar dawowa?

Dalilin da ya sa ba ma hanawa, sai ka zauna a nan za ka gan shi sosai. Al'adarmu ta kasuwa ita ce baƙo ba ya sauka sai da maigida. Maigida ne zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in ana maganar bashi. Har gobe haka ake yi a kara da kasuwar gwari, kuma tsari ne mai kyau. Amma ƙarfinsa a bakin ƙofar ofis yake ƙarewa. Sarkin Hausawa zai iya raba rigima, ya karɓo yaro daga caji ofis, ya sasanta ɗan haya da mai gida, amma ba zai iya ɗaukar waya ya sa a ba ɗanka kujerar injiniya a Victoria Island ba. A can abin da ake tambaya shi ne, me ka taɓa yi da hannunka?

A kamfanin da nake aiki a Apapa akan kira ni in zauna idan ana tantance masu neman aiki. Takardun digiri na biyu daga Ingila tuli guda ake ajiye mana, har ba sa ɗaga wa kowa gira. Sai ka ga yaro ya shigo da kwat mai kyau, Turanci kamar ruwa, a tambaye shi yadda zai yi idan injin ɗaga kwantena ya tsaya ana tsaka da sauke jirgi, ya shiga karanto abin da ke littafi. Na bayansa ya shigo, ya ce irin wannan ta taɓa faruwa da su, ga abin da suka fara dubawa, ga wanda suka kira, ga yadda suka rubuta rahoto. Kafin ya fita manaja ya riga ya ja layi a ƙarƙashin sunansa. Wannan bambancin ne Injiniya yake so ya samo, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Dokar Ingila ma ta rage maka aiki. Tun watan Yulin 2021 akwai bizar da ake ba wanda ya kammala karatu, ya zauna shekara 2 yana aiki ba sai wani kamfani ya tsaya masa ba, mai digirin digirgir kuma shekara 3. A 2025 gwamnatinsu ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18 ga masu zuwa nan gaba. Bizar kuma ba a sabunta ta. Wanda ke son zarcewa sai ya samu kamfanin da zai ɗauki nauyin bizarsa, kuma mafi ƙarancin albashin da ake nema ya tashi zuwa fam 38,700 a shekara a Afrilun 2024, ya koma 41,700 a Yulin 2025, ko da yake akwai sassauci ga sababbin shiga. Ka ga zaman dindindin ba abu ne da ake tsinta a hanya ba.

Inda nake so ka sa ido shi ne irin aikin. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, fam kuwa ba a magana. Yaron da ke jera kaya a sito ko yake kwana a gidan kula da tsofaffi, in ya juya albashinsa zuwa naira sai ya ga ya fi manajan banki. Halal ne, ba na raina shi, da yawa da shi suke riƙe iyayensu. Sai dai shekara biyun za ta ƙare ba a ƙara ko layi ɗaya a takardar ƙwarewarsa ba, ya dawo ya tarar abokan karatunsa na Bayero sun yi masa nisa. Mafi yawan waɗanda suka maƙale a waje ta nan suka maƙale: kunyar dawowa hannu rabbana. Don haka kada ka tambaye shi nawa ake biyansa. Ka tambaye shi sunan muƙaminsa, da wanda zai sa masa hannu a takardar shaida ranar da zai bar wurin. Ya riƙa rubuta duk aikin da ya taɓa, domin ranar da zai nemi rajistar COREN, hukumar yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, za a buƙaci wannan tarihin.

Shi ya riga ya yi bautar ƙasa, wannan ya fita. Amma ka gaya wa maƙwabtanka da suka tura yara digirin farko Masar, Sudan ko Indiya: wanda ya gama kafin ya cika shekara 30 sai ya yi, bayan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa. Manyan kamfanoni ba sa wasa da wannan shaida, kuma kowa ya tuna batun takardar NYSC, wato ta bautar ƙasa, ne ya kai ga murabus ɗin ministar kuɗi Kemi Adeosun a 2018. Likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar yi wa likitoci rajista, lauya sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi da ke Bwari.

Neman aikin gida kuma daga can ake fara shi, kamar wata shida kafin biza ta ƙare. Yaranmu da suka yi nasara haka suka yi. Ya gyara shafinsa na LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki a intanet, ya nemo tsofaffin ɗaliban Bayero da na Zariya da ke aiki a nan, domin su ne suka zama iyayen gida a wannan fagen. Zagayen farko na intabiyu yanzu ta bidiyo ake yi, kuma Allah ya taimake shi, agogon Legas da na Landan ɗaya ne da bazararsu, da hunturu kuma awa ɗaya ce tsakani. Ya bar layin wayarsa na Najeriya a raye, ya rubuta watan dawowarsa ɓaro-ɓaro a saman takardarsa. Masu ɗaukar aiki a nan sun sha wahalar mutanen da za su karɓi tayi daga waje, ranar kama aiki ta zo a ji wayarsu shiru. In ya samu hutu ya zo a gan shi ido da ido. Kuma kada ya ajiye na can sai takardar ɗaukar aiki ta shiga hannunsa, da albashi da inshorar lafiya da maganar gida a rubuce. "Ka dai dawo mu gani" ba aiki ba ne, ko daga bakin wa ta fito.

Maganar gida ba ƙarama ba ce. A nan hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya. Shi ya sa muke sauke yaro a gidan dangi wata uku ko huɗu har albashi ya zauna. In aikin na Ikeja ne ko cikin gari, Agege ta yi, ga jirgin ƙasan da ke bi ta nan zuwa Oyingbo. In kuwa wajen matatar Ɗangote ne a Ibeju-Lekki, zama a nan azaba ce, sai ya fita kafin asuba ya dawo bayan isha.

Na san abin da ya fi yi maka ciwo shi ne ya ce Legas, bai ce Kano ba. Gwamnati ta koma Abuja a 1991, amma hedikwatar yawancin bankuna da tashar jiragen ruwa da kasuwar hannun jari ba su bi ta ba. Kai ka fi ni sanin masana'antun da suka rufe a Sharaɗa da Bompai da Challawa. Sai dai ga abin da ba a cika lura da shi ba: kamfanin da ke Legas in zai buɗe reshe ko ya karɓi kwangila a Arewa, mai jin Hausa da ya san aiki yake nema ido rufe. Na ga mutane da dama da suka shigo ta nan, bayan 'yan shekaru aka tura su Kano ko Kaduna a matsayin shugabannin shiyya. Da tun farko can suka nema, da ƙila har yanzu suna yawo da ambulan.

Game da shawarar da aka ba ka ta a ɗaura masa aure don ya dawo, ni dai ban goyi baya ba. Bizar da yake kai ba ta ba shi damar ɗauko sabuwar amarya, yarinyar mutane za ta zauna ne tana aure da waya. Abin da muke yi a nan ya fi sauƙi: daga albashin farko a fara tara kuɗin fili a gida da sunansa, takardun na hannun uba, kuma ko ana ha-maza ha-mata ya zo Babbar Sallah.

In kun yi waya ranar Juma'a, ka ce ya turo min takardar ƙwarewarsa da ranar da bizarsa za ta ƙare. Akwai mutum biyu a masallacinmu da ke aikin injiniya, zan kai musu su duba. A gaida su Inna da yara.