Ku Tambayi Anti: Shan Shayin Yamma Da Ƙawaye A Gida

Tambaya: Salam Anti, ya aiki ya iyali? Ni da ƙawayena mu takwas ne muka fara wani abu, duk wata ɗaya daga cikinmu ke karɓar saura a gidanta a sha shayi da yamma, kuma kowa da jigon da take zaɓa. Wadda ta yi kafin ni komai ruwan hoda ta yi, har da kek da balo-balo, toh yanzu layi ya zo kaina kuma wlh kaina ya kulle. Ni so nake komai in yi da hannuna, bana son oda. Dan Allah me zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. Ki bar maganar kala tukunna, ki fara da abin da zai shiga buta. In kika zaɓi irin shayin da za a sha, shi zai gaya miki kofin da za ki fito da shi da abin da za a ci, kin ga jigo ya samu kenan ba tare da kin sayo tarkacen da gobe za ki rasa inda za ki ajiye ba.

Misali salon Ingila, wanda shi mutane suka fi sani. Ana danganta shi da Anna, matar Duke na Bedford, wajejen 1840, lokacin manyansu sai wajen takwas na dare suke cin abinci, ita kuma yunwa ta dame ta da la'asar sai ta sa a riƙa kawo mata shayi da ɗan burodi da kek, daga baya ta fara gayyato ƙawaye. Tsarinsa hawa uku ne, ƙananan sanwic a ƙasa, sikon (wani ɗan gashin fulawa ne, tsakanin kek da burodi) a tsakiya da jam da kirim, kayan zaƙi a sama, kuma daga ƙasa ake farawa. In ba ki da tire mai hawa ukun nan faranti uku ma sun yi, babu mai kama ki.

Akwai na Maroko, koren shayi da ɗanyen na'ana'a da suga, a ƙananan kofunan gilashi, ana ɗaga buta sama a tsiyayo don ya yi kumfa, wannan tsiyayar kaɗai ta isa abin kallo. Akwai na Indiya da ake dafa ganyen tare da madara da citta da kirfa da kanumfari da kadamon, shi kam da samosa yake tafiya. Na Turkiyya baƙi ne ba madara, buta biyu ɗaya kan ɗaya, ta sama mai kauri ta ƙasa ruwan zafi, kowa ta sirka daidai yadda take so.

Ni da ni ce ke, na Maroko zan ɗauka tunda karon farko ne, ya fi sauƙi kuma ƙamshin na'ana'a ya gama miki rabin kwalliyar falo. Kuma kar ki wuce kala uku ko huɗu na abin ci. Mai gidan da ta yi kala goma a kicin take ƙare liyafarta, baƙi na ta hira ita tana ta zufa.

Tambaya: Anti ni matsalata shayin ne kansa. In na haɗa wa mutum ɗaya lafiya lau, amma ranar da na tara mutane sai ya yi ɗaci ya yi baƙi ƙirin, na ƙarshe ma sanyi yake yi kafin a zo kansa.

Amsa: 'Yar uwa ganyen kike bari a ciki. Baƙin shayi minti 3 zuwa 5 yake so a tafasasshen ruwa, in ya wuce haka sinadarin tanin ya yi ta fita, shi ne ɗacin nan mai kama harshe. Koren shayi ma ya fi shi rashin haƙuri, baya son ruwa mai tafasa, digiri 70 zuwa 80 ya ishe shi, minti 2 zuwa 3. In ba ki da ma'auni ki sauke ruwan ki bar shi ya ɗan huce na wasu mintuna kafin ki zuba. Awo kuma ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi. In kina son ya yi ƙarfi ganye za ki ƙara, kar ki ƙara lokaci.

Maganar sanyi, ki fara ɗauraye butar da ruwan zafi kafin ki sa ganye, buta mai sanyi tana shanye zafin ruwan nan take. Da lokaci ya cika ki tace ki juye a filas, ki riƙa zubawa a buta kaɗan-kaɗan. Madara daban, suga daban, kowa ta sa wa kanta, in kika haɗa gaba ɗaya dole a samu wadda za ta ce ya yi zaƙi da wadda za ta ce bai ji ba.

Tambaya: Na gwada sanwic ɗin kokwamba da na ƙwai da sikon, sanwic ya jiƙe ya yi laɓo-laɓo, sikon kuma ya yi tauri. Ina na kuskure Anti? Kuma me zan iya yi tun jiya?

Amsa: Kokwamba ruwa ce kusan gaba ɗayanta. Ki yanka siri-siri, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki bar ta minti goma sha biyar ta zubar da ruwa, ki tsane da tishu. Sannan ki shafe burodin da bota har gefe-gefe, botar nan ita ke tare ruwa kar ya shiga. In kin haɗa ki rufe da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi ki sa firij, sai an kusa zama ki yanke ɓawon ki rarraba.

Sikon kuwa murza shi kika yi. Ba burodi ba ne, da zarar kin yi ta murza fulawa sai ta yi danƙo ya fito da tauri. Fulawa giram 250, bekin foda babban cokali ɗaya, bota giram 60 mai sanyi sosai daga firij, suga kaɗan, madara kamar mililita 150. Ki mutsuttsuka botar a fulawa da kan yatsu, ki zuba madara ki tattara kawai ya haɗe, ki baza da kauri, kamar faɗin yatsu biyu. Wurin yanka ki danna ki ɗaga, kar ki juya abin yankan, juyawar tana liƙe gefen ya ƙi tashi. Oben ya yi zafi tun kafin, digiri 220, minti 12 zuwa 15.

Kek da biskit tun jiya za ki yi, kek ma ya fi daɗin yankawa in ya kwana. Haɗin ƙwan shi ma ya kwana a firij. Sikon ranar ake gasawa. Amma fa abin da ke da ƙwai ko kaza ko kirim kar ya wuce awa biyu a kan tebur, in ana tsananin zafi awa ɗaya, don haka ki riƙa fitowa da shi kashi-kashi.

Tambaya: Cikin baƙina akwai mai juna biyu da yara, su ma shayin zan ba su?

Amsa: Mai ciki likitoci na cewa kar ta wuce miligiram 200 na sinadarin kafin (mai hana barci da ke cikin shayi) a rana, kofin baƙin shayi kuma yawanci bai kai rabin haka ba, toh kofi ɗaya ko biyu ba laifi in ba ta sha gahawa ko lemon kola a ranar ba. Amma ki tanadi ruibos, ganyen Afirka ta Kudu ne, babu kafin a cikinsa sam kuma yana karɓar madara, yaran ma shi za ki ba su da ɗumi-ɗumi. Ki tambayi iyayensu tun kafin ranar ko akwai wanda gyaɗa ko madara ko ƙwai ke ba matsala, kuma butar zafi a tsakiyar tebur take zama inda hannun yaro baya kaiwa.