Ka fara leƙa ƙarƙashin katakon kafin ka sayo ƙafar gilashi

Jiya bayan la'asar ka tambaye ni ina tsaka da ciniki, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce aikin nan na gidan Nassarawa GRA, inda mai gidan yake so a zagaye dakalin katakon da ke bakin wurin ninkaya da gilashi, wane irin kayan riƙe gilashi za mu saya, ƙafafu irin na sifigot ne, wato gajerun ƙafafun ƙarfe da ke riƙe gilashi ta gindi, ko canel, wato dogon kwararon almini da ake zura gindin gilashi a ciki, ko kuwa fol-fol da kilam, wato sandunan ƙarfe a tsaye masu maƙallan da ke kama gilashi ta gefe. Toh yarona zauna ka karanta a nutse.

Mu nan Kano in aka ce dekin kowa siminti yake nufi, kuma duk aikin da ka taya ni a baya kan siminti muka yi, ka huda ka sa anka bol ka ɗaure shikenan, ka tafi gida ka yi barci. Katako ba haka yake ba, katako rai gare shi. Da damina ya sha ruwa ya kumbura, hunturu na shigowa iskar nan ta busar da shi ya tsuke, notin da ka ɗaure tam a watan Agusta sai ka zo a Janairu ka tarar kana juya shi da yatsa. Kuma ka san yawancin katakon da ake saukewa a 'yan katako na Na'ibawa daga kudu yake zuwa da sauran danshinsa, a gidan mutum zai ƙarasa bushewa. Shi ya sa ni in aka kira ni irin wannan aiki ba na fara maganar kaya, sai na cire allo ɗaya ko biyu na bakin dakalin na ga me ke ƙasa, tubaisikis ne (inci 2 da 6) ko tubaifo (inci 2 da 4) kafinta ya sa, madaci ne ko loko ko kuwa farin katakon nan mai laushi da gara ke cinyewa cikin shekara biyu, kuma ya aka haɗa na gefen da sauran.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka a ka. Gilashin tsayinsa mita 1.1 daga ƙasa, shi ne ƙa'idar da ake bi a Ingila wa baranda ta waje kuma ni ma ita nake bi. A ƙa'idar tasu ana so shingen irin wannan baranda ya jure turi na kimanin kilo 75 a kowace mita, a can sama inda mutum ke jingina. To farantin gindin sifigot faɗinsa bai wuce santimita 10 ba, ka ga kenan gilashin ya zama kamar doguwar sifana a hannun wanda ya jingina, ƙarfin da zai sauka kan bol ɗin ya ninka fiye da sau goma, ya doshi tan guda ƙafa biyu su raba. Yanzu gaya min, allon saman nan mai kaurin inci ɗaya da aka kafa da sukuru biyu, shi ne zai riƙe wannan? Wallahi ba zai riƙe ba. Na taɓa zuwa gyara wani gida da aka yi haka, aka ɗaure ƙafafun kan allon sama da sukurun katako, gilashin lafiyarsa ƙalau, ƙafafun ma masu tsada ne, amma in ka sa hannu ka tura sai duk layin ya yi lilo har allon ya ɗago da sukurunsa, ga yara suna wasa a wurin. Ranar ban bar gidan ba sai da na sauke gilasan duka na jingine su a gareji.

Saboda haka kowace ƙafa dole ƙarƙashinta a samu gungumen katako mai ƙarfi, a ninka tubaisikis biyu, a cusa gajeru tsakanin dogayen a ɗaure su da kyau yadda na gefen ba zai murɗe ba. Bol kuma mai ratsawa za a sa, mil 10 ko 12, ya huda ya fita ta ƙasa a sa masa faffaɗan washa ko ma farantin ƙarfe sannan noti, don ƙaramin washa nutsewa yake yi cikin katako. Inda hannu ba zai shiga ƙasa ba, a cire allon a yi aikin a mayar. Kar ka yarda kafinta ya ce maka dogon sukuru ya isa.

Canel ɗin almini da ka ambata yana da kyau a ido, layi ɗaya fes, amma a kan katako ban so shi ba sai in akwai ƙarfe a ƙasa da zai hau kai. Yana buƙatar wuri miƙaƙƙe da ba ya motsi, kuma kwata ce ka shimfiɗa, ƙurar hunturu ta cika ta, ruwan farko ya mayar da ita taɓo, ramukan tsiyayar ruwa su toshe, danshi ya kwanta kan katako ya fara ruɓar da shi. Sannan katakon da aka yi wa magani mai jan ƙarfe a ciki yana cin almini in suka haɗu kai tsaye. Fol da kilam kuwa gaskiya shi ya fi haƙuri da katako, ana iya ɗaure fol ɗin ta gefen gungume da bol biyu sama da ƙasa, gilas mil 10 ma ya wadatar, kuɗin ya fi sauƙi. Na nuna wa mai gidan, ya ce shi ba ya son ganin ƙarfe yana tsaye yana tare masa ruwa. To sifigot za mu yi, amma da sharaɗin a gyara ƙasan.

Maganar sitenles kuma nan ne ake cutar mutane. Duk sheƙi ɗaya suke yi a shago. Akwai 201 mai araha, akwai 304, akwai 316, akwai 2205. Wani zai ce maka ai Kano ba Legas ba ce, babu gishirin teku, 304 ya isa. Da baranda ce kawai zan yarda, amma nan bakin ruwa ne mai kulorin, yara su yi tsalle ruwan ya fantsamo, rana ta busar, gishirinsa ya zauna kan ƙarfen. Shi 316 akwai wani sinadari molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a jikinsa wanda 304 ba shi da shi, shi ke rage ɗigon tsatsar nan mai kama da shayi ya zube. 2205 ya fi shi ma ƙarfi da juriya. Kar ka dogara da gwajin maganaɗisu da ake yi a Ƙofar Ruwa, don 201 ma ba ya kama maganaɗisu, shi kuwa 2205 mai kyaun yana kamawa, ka ga in ka bi wannan sai ka ajiye na ƙwarai ka ɗauko na banza. Ka duba lambar da aka buga a jikin ƙafar da kwalinta, ka saya wurin wanda in ta yi tsatsa za ka iya komawa ka same shi. Ka zaɓi mai sheƙin madubi, wanda aka goge da zane-zane yana riƙe datti a cikin zanen. Bol da noti da washa su ma duk sitenles 316, in ka sa baƙin ƙarfe cikin madaci ko loko zai yi tsatsa ya baƙanta katakon kewaye da shi.

Gilashin mil 12 ne gasasshe, wanda in ya fashe yake zubewa ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Nauyinsa kilo 30 kowace murabba'in mita, don haka kar ka kuskura ka ɗauki falle kai kaɗai. Kuma da zarar an gasa shi ba a yanka ba a hudawa, in awonka ya kuskure da santimita ɗaya asara ce ta tabbata, shi ya sa sai mun kafa ƙafafu mun ja igiya mun duba da lebur sannan mu auna mu ba da oda. Ɓangaren da dakalin ya yi tudu ta wajen lambu, can mai ninki biyu za mu sa, 6 da 6 da leda a tsakani wanda ake kira 13.52, ko ya fashe ledar ta riƙe shi, kuma a ɗora siririn abin dafa hannu a sama ya haɗe falle-fallen. Ka tabbata bakin ƙafar da robarta sun dace da wannan kaurin, don ba ɗaya ba ne da na mil 12. Ƙarfe kar ya taɓa gilas ko'ina, roba ce tsakani, kuma kar a bar ratar da ta kai santimita 10 ko a ƙasa ko tsakanin falle, saboda kan yaro.

Ka tuna iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina, wadda ke yaye kwanon gidaje, gilashin nan bango ne a gabanta, duk ƙarfinta kan bol ɗin nan zai sauka. Zan rubuta wa mai gidan a takardar aiki cewa za mu dawo ƙarshen hunturun farko mu sake ɗaure kowane noti, kuma kai zan tura, don haka allon da ke kusa da ƙafafun da sukuru za a kafa shi yadda zai ciru.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, ka taho da tef da tocila da abin kwance sukuru. Ka kira kafintan ma ya same mu a can ƙarfe 8, ina so yana tsaye mu cire allon tare.