An ce masana sun tabbatar Attaura ƙirƙira ce, har an ɓoye takardun Kumran. Gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin addinai. An koya mana ra'ayin masanin Bajamushe Wellhausen cewa littattafai biyar na farko na Yahudawa, wato Attaura, daga tushe huɗu aka harhaɗa su. Sai ga wani bidiyo a WhatsApp yana cewa Turawa da kansu sun tabbatar littafin ƙirƙira ne, har sun ɓoye takardun da aka tono a bakin Tekun Gishiri don kada asiri ya tonu. Abokiyar zamana Kirista ce, tun da na nuna mata ba ma ga maciji. Hankalina a tashe yake: karatun nan ilimi ne ko makami?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki, ilimi ne, amma mai iyaka. Mai nazarin tarihin nassi yana tambayar yaushe aka rubuta, da wane irin Ibrananci, don su wa, kuma ta hannun wa ya biyo. Ba shi da ma'aunin auna wahayi, ba ya iya tabbatar da shi, ba ya iya kore shi. Tsarin da Wellhausen ya fitar a 1878 ma ba ya nan yadda ya bar shi. Tun shekarun 1970 masana da yawa a Turai suka daina yarda da tushen da ake yi wa laƙabi da E a matsayin littafi mai zaman kansa, wasu a Amurka da Isra'ila kuma suna kare shi har gobe. Sannan ba Turawa suka fara lura da tambayar wa ya rubuta nassin ba. Talmud, babban littafin malaman Yahudawa, da kansa ya kawo ra'ayin cewa Joshuwa ne ya rubuta ayoyi takwas na ƙarshe masu ba da labarin rasuwar Annabi Musa (AS). Ibn Hazm na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya yi nasa sukan, Ibn Ezra Bayahude ya yi ishara a ƙarni na 12, kafin masanin falsafa Spinoza ya fito fili a 1670.

Maganar ɓoye takardu kuwa, ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an turo mini irinta. Ƙarya ce, amma an gina ta a kan wani abu da ya faru. An fara gano takardun a kogunan Kumran, a bakin Tekun Gishiri, a 1947. Tarin guntayen kogo na huɗu, dubbai, aka danƙa wa 'yan tsirarun masana, suka riƙe suna jan ƙafa shekara da shekaru, sauran masana na ta ƙorafi. Son kai ne na malaman jami'a da rashin isassun ma'aikata, kuma abin kunya ne. A 1991 ɗakin karatu na Huntington da ke Kalifoniya ya buɗe hotunansu ga masu bincike. Daga baya aka kammala buga su cikin mujalladi 40, kuma tun 2012 hukumar kayan tarihi ta Isra'ila ta sa hotunan a intanet kyauta. To me aka ɓoye? Mai bidiyon ya taɓa buɗe ko guntu ɗaya? Yana iya bambanta harshen Ibrananci da na Aramiyanci?

Abin da takardun suka nuna bai yi wa kowane ɗan muhawara daɗi ba, shi ya sa kowa ke yankar rabin da ya dace da shi. Babban naɗin littafin Ishaya ya girmi kundin Leningrad na 1008, wato cikakken kwafin littattafan Yahudawa na Ibrananci mafi tsufa, da sama da shekara 1000, amma ya yi kusa da shi ƙwarai, galibin bambancin na rubutun kalmomi ne da ƙananan sauye-sauye. Wannan rabin fastoci ke ɗauka. Guntayen littafin Irmiya kuma sun nuna akwai gajeren nassi na Ibrananci irin wanda fassarar Girkanci ta bi, wadda ta gaza nassin da aka saba da kusan kashi ɗaya cikin takwas, jerin surorinta ma daban. Wannan rabin masu wa'azinmu ke ɗauka. Masani dole ya riƙe duka biyun: an kiyaye nassin da tsananin kulawa, kuma kafin a tsayar da shi ya zo da fuska fiye da ɗaya.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne inda ake sakin irin wannan bidiyo. A garuruwan da muka binne mutane saboda rikicin addini, wani ya zauna da waya yana haɗa wuta da sunan "bincike" don ya tara mabiya. Wallahi alhaki ne. Aƙidar tahrifi, wato cewa an sauya littattafan da suka gabata, ki koye ta wajen malamanki da hujjojinta na Alƙur'ani da tafsiri, ba ta jiran sa hannun wani farfesa a Jamus. Kuma ki sani, wannan hanya ba ta bar kowa ba: Wellhausen ɗin nan, da ya ajiye kujerarsa ta tauhidi a 1882, tarihin Larabawa da farkon Musulunci ya koma nazari da ma'aunin nan guda.

Ki je ki ba abokiyar zamanki haƙuri yau. Bidiyon kuma kada ki tura wa kowa.