Kibiyar linzami tana yawo da kanta, manhajar sikeli ta ƙi buɗe COM3: fomat ne mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a wani siton riɗi da waken soya a Dawanau, ni ke kula da kwamfutar da ke haɗe da babban sikelin da motoci ke hawa. Kan sikelin, wato akwatin da ke nuna nauyi, yana turo awo ta kebul mai fil 9 da adaftar USB. Tun da aka canza mana adaftar, duk safiya in na kunna sai kibiyar linzami ta riƙa tsalle-tsalle tana danne-danne da kanta, manhajar awo kuma ta rubuto "Access to the port COM3 is denied". Wata rana ta yi aiki, wata rana ta ƙi. Mai gyaran da aka kira ya ce bairos ne ko kutse, sai an yi fomat. Duk lissafin awon bana yana ciki, ga motoci a layi, maigida kuma har ya fara yi mini kallon zargi. Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya yi muku kutse, kuma kada ka bari kowa ya yi wa kwamfutar nan fomat. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan ma, je ka kwafi lissafin awon a filas ka sa a aljihu.

Alamomin da ka zayyana guda biyu duk abu ɗaya ne ya haife su. Kan sikelinku an saita shi ya riƙa turo nauyi ba ƙaƙƙautawa, ko da mota a kai ko babu. Ita kuma Windows, duk lokacin da ta tashi ko aka soka mata adafta, sai ta leƙa ramin siriyal, wato ƙofar da bayanan sikeli ke bi su shiga kwamfuta, wadda a wurinku ake kira COM3, ta ga ko akwai linzami irin na da a jiki. Idan ta tarar da bayanai suna kwarara a daidai wannan lokacin, sai ta ɗauka linzami ne, ta ɗora masa direba, wato 'yar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ta riƙe COM3 ƙam. Lambobin nauyin da sikeli ke turowa su ne take fassarawa a matsayin motsin hannu da dannawa, shi ya sa kibiyar ke hauka. Ramin siriyal kuwa manhaja ɗaya ce tak ke iya buɗe shi a lokaci guda. Tunda Windows ta riga ta shige, manhajar awonku tana zuwa sai a ce mata babu hanya. Ranakun da ta yi aiki kuwa, mai yiwuwa ranakun ne da ka riga kunna kwamfuta kafin kan sikeli.

Ka gwada da kanka a gaban maigida. Kashe kan sikelin, kunna kwamfuta ta gama tashi, buɗe manhajar awo, sannan ka kunna sikelin. In kibiya ta zauna lafiya awo kuma ya fito, magana ta ƙare.

Gyaran dindindin ba zai ci maka minti goma ba. Bari matsalar ta faru, sannan ka kashe kan sikelin kawai, ka bar adaftar a jiki don kibiyar ta lafa. Danna maɓallin Windows da X, ka shiga "Device Manager", ka buɗe "Mice and other pointing devices". Za ka ga baƙon linzami mai suna "Microsoft Serial BallPoint" ko "Microsoft Serial Mouse". Ka zaɓi "Disable". Kada ka zaɓi "Uninstall", domin gobe da safe za ta sake gano shi ta mayar. Idan guntun lantarkin da ke cikin adaftar na kamfanin FTDI ne, buɗe adaftar a "Device Manager", shiga "Port Settings", sannan "Advanced", ka cire alamar da ke gaban "Serial Enumerator", Windows ta daina leƙen gaba ɗaya. Wanda ya iya taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitukanta, yana iya zuwa sermouse, direban linzamin siriyal, a ƙarƙashin Services ya mayar da Start daga 3 zuwa 4 don kashe shi, sai dai a riƙa dubawa bayan manyan sabuntawa. Kuma ka ɗaura wa ramin USB ɗin alama da salatif. Adaftoci masu arha irin su CH340 ba su da lambar shaida ta kansu, in ka matsar da su wani ramin sai Windows ta ba su sabuwar lamba, COM3 ta koma COM5, manhaja ta yi ta neman abin da babu.

Yanzu bari in dawo kan maganar fomat, domin ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na ji ta: injin gwajin jini ya daina turo sakamako, fomat, firintar rasit ta yi shiru, fomat, inbata ta ƙi magana da kwamfuta, fomat. Mutum bai buɗe "Device Manager" ba, bai tambayi yaushe matsalar ta fara ba, bai ko sunkuya ya kalli kebul ɗin ba, amma ya yanke hukunci. Kai da bakinka ka ce tun da aka canza adafta abin ya fara. Wannan jimlar kaɗai ta ishi mai gyara na gaskiya sanin inda zai dosa. An bar jaki ana dukan taiki.

Dalilin da ya sa suke son fomat ba ɓoyayye ba ne. Aiki ne da ba ya bukatar tunani, yana cin sa'o'i, ana ganin allo yana ta motsi, don haka mai kaya ba ya jin ciwon biyan kuɗi. Ga kalmar bairos da ke rufe bakin kowa, ba mai iya musu. To amma dubi abin da za ku tarar washegari.

Da farko dai matsalar tana nan daram, domin sabuwar Windows ma za ta leƙa ramin ta ga linzamin ƙarya kamar yadda tsohuwar ta gani. Halinta ne tun daga masana'anta, ba cuta ba ce ta kama ta.

Sai asarar. Yawancin manhajojin awo suna ajiye lissafinsu ne a cikin faifan C da ake gogewa wajen fomat, wasu a fayil ɗin Access, wasu a SQL Server Express, a wuraren da mai fomat ba ya leƙawa. Shi abin da ya sani ya kwashe hotuna da abin da ke kan fuskar allo, ya ce ya yi ajiya. Nauyin kowace mota ba kaya, tikitin kowane dillali, buhu nawa wane ya kawo ranar kaza, duk sun tafi. Ranar da mai kaya ya zo ya ce tan 30 ya sauke ku kuma kuka ce 28, da me za ku kare kanku? Lasisin manhajar ma sau da yawa a ɗaure yake da wannan Windows ɗin, sai kun sake neman kamfanin da ya sayar muku, in har yana nan. Saitin sadarwar da wanda ya kafa sikelin ya zauna ya daidaita shekarun baya, ba wanda ya rubuta shi a takarda, shi ma ya bi ruwa.

Akwai kuma tarkon da su kansu masu fomat ɗin ba su san da shi ba. Kwamfutoci da yawa suna aiki lafiya ne saboda tsohon direban adafta da ke kansu. Ana yin fomat aka hau intanet, Windows za ta sauko da sabo. Sababbin direbobin Prolific, wani kamfanin da ke ƙera guntun adafta, ba sa karɓar tsohon guntun PL2303HXA da jabunsa da suka cika kasuwa, sai ka ga alamar ruwan ɗorawa da "Code 10", ko a rubuta maka ƙarara cewa an daina yin sa tun 2012. Tunda Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a watan Oktoban 2025, mai gyara zai ce bari ya ɗora muku Windows 11 ya burge, ita kuma ba ta karɓar PL2303TA da sabon direba. FTDI ma a 2014 ta taɓa sakin direban da ke lalata lambar shaidar jabun guntayenta har kwamfuta ta daina gane su, sai da aka yi ca a kanta ta janye. Wato ka shiga da matsala ɗaya ta minti goma, ka fito da uku, ga lissafi ya salwanta. Daga nan sai a ce ai sikelin ne ya lalace, a kawo kuɗin sabo.

Ban ce babu ranar fomat ba. Akwai, idan faifai ya mutu ko an tabbatar da cutar da ta ƙi fita. Amma duk wanda ya ambace ta kan matsalar COM, ka ce ya nuna maka abin da ya gwada tukuna.

Idan ka kashe linzamin ƙaryar amma awo bai fito ba, rufe manhajar ka buɗe ramin da PuTTY ko Tera Term, manhajojin da ke nuna abin da ke shigowa ta ramin a kan allo. In ya sake cewa babu hanya, wata manhajar ce ke riƙe da shi a ɓoye, galibi kwafi na biyu na ita manhajar awon da bai rufu ba. In ka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, galibi kebul lafiya yake, saiti ne ya saɓa: gwada saurin sadarwa 9600, sannan 4800, 2400 da 1200, kuma ka tuna sikeli da yawa suna amfani da tsarin jera bayanai na 7E1 maimakon 8N1. In allo ya yi tsit, zare kebul daga sikeli, haɗa fil na 2 da na 3 na adaftar da guntun waya, ka buga haruffa. Idan suka dawo kan allo adaftar ƙalau take, saura ka duba ko kebul miƙaƙƙe ake bukata ko mai gicciye, da kuma fil na 5, wanda shi ne na wayar ƙasa. Idan lambar ta kai COM10 ko sama, ka mayar da ita ƙasa, tsofaffin manhajoji da dama ba sa ganin irin waɗannan.

Ka kuma bincika abin da ya kashe adaftar farko. In kebul ɗin ya zarce mita 15, ko sikeli yana kan janareta kwamfuta tana kan inbata ba tare da wayar ƙasa ɗaya ba, wannan ma tana iya ƙonewa, musamman da damina. Ku sayi adafta mai katange wuta, ko ku koma RS-485, wata hanyar sadarwa da ta fi jure dogon kebul, idan kan sikelin yana da ita. Kuma in za ka duba saurin sadarwa a jikin kan sikelin, ka tsaya a shafin sadarwa kawai. Shafin daidaita awo da hatimin jami'an awo da ma'auni ba hurumin kowa ba ne a siton, har shi mai gyaran.