Bar matsafinka a aji ɗaya tukuna

Ɗan'uwa, ka ce matsafinka a Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani gwarzo mai ajinsa (wato irin aikinsa), yana mataki na 3, kana son haɗa shi da ajin mayaƙi don ya daina faɗuwa da wuri. Kada ka haɗa yanzu. Bari ya kai mataki na 5, a nan yake samun sihirin ƙwallon wuta, wanda ake jefa dayis 8 don lissafa ɓarnarsa.

A teburin wasanmu na Agege na taɓa ba matsafina matakai biyu a ajin mayaƙi. Sulken ya taimaka, amma sai da muka yi makonni abokina yana ƙone maƙiya a dunƙule, ni ina ta ƙananan sihiri, kuma abin ya dame ni ƙwarai. In dole sai ka haɗa, ɗauki mataki ɗaya kawai na mayaƙi bayan na 5, ka tabbata makin basirarsa ya kai 13, ƙarfi ko zafin namansa ma haka.