Bangon korama: a ƙara masa tsayi ko a bar shi yadda yake?

Wani manomin albasa daga kwarin Magiya, cikin jihar Tawa, ya aiko yana cewa an gina musu bangon dutse da waya a tsakiyar korama, amma duk damana ruwa sai ya tsallake shi ya wuce. Suna so su jera buhunan rairayi a bisa don ruwan ya zauna musu har rani.

Alhaji, kada ku ɗora ko buhu ɗaya. Bangonku ba irin barajin Mozage ko na Zango ba ne, waɗanda aka gina don tara ruwan da ke shayar da fadamar Konni. Naku aikinsa rage wa ruwa gudu, ya baje cikin gonaki, ya ajiye laka, ya nutse ƙasa. Ribarsa tana cikin rijiya: ku auna igiyar gugarku a watan Maris, ku kwatanta da yadda take kafin a yi ginin. In kuka toshe tsakiya, inda aka rage tsayi da gangan, ruwan zai bi ta gefe ya ci gaɓa, kuma garkar da ke jikin bangon ita za ta fara tafiya. Ga mutanen ƙasa da ku, har tafkin Kalmalo a Najeriya, su ma wannan ruwan suke jira.

Abin da ya fi buhu amfani shi ne ku zagaya bayan kowane babban ruwa. Inda waya ta tsinke a ɗaure, inda gindi ya rarake a cika da manyan duwatsu tun ramin bai kai gwiwa ba.

Wani masunci kuma ya ce kifi na taruwa a gindin bangon da ruwan farko, har yara na kama shi da kwando. Ko laifi ne?

Malam, kifin nan hanya yake nema. Da ruwa ya tashi, tarwaɗa kan hau sama zuwa ciyawar da ruwa ya rufe don ta zuba ƙwai. In ka matsa cikinta a lokacin za ka gani. Kama ta a nan cin iri ne. Ita tana da dabara, tana jan ciki a jiƙaƙƙen wuri, amma karfasa ba ta iya hawan bango a tsaye. Maganin shi ne a yi gangare na duwatsu a gefe guda, matakala-matakala, tsayin kowace kada ya wuce taƙi ɗaya, da ɗan gurbi inda kifi zai huta. Bakinsa ya kasance daf da inda kuke ganin suna taruwa, in ba haka ba ba za su same shi ba.

Koramar da ba ta haɗe da tafki mai ruwa duk shekara, kamar na Tabalak, ba ta buƙatar wannan wahala. Inda ta haɗe, ku je da sarkin ruwa wajen ma'aikatan gandun daji da injiniyoyin karkara kafin a taɓa ginin, ku kuma yarda a ɗage raga daga gindin bangon a makonnin farko na damana.